Idan Umma Ta Dawo Daga Asibiti Da Ƙwaya

A wannan fitowa na ajiye zancen soyayya a gefe. Ciwon dajin ƙwan mace ya fi kama matan da suka haura hamsin, wato sa'o'in iyayenmu, kuma in ya shigo gida, ke budurwa ke ce mai jinya.

Ciwo ne mai ɓoye kansa. Ciki ya yi ta kumburi, mara na ciwo, loma biyu an ƙoshi, ga yawan fitsari. Sai a ce olsa ce, ko a ɗora wa kishiya, har abu ya yi nisa.

Da farko tiyata ake yi, a bi da magani mai ƙarfi ta ƙarin ruwa. A 2014 aka amince a Amurka da Turai da wata ƙwaya da ake haɗiya a gida, sunanta Lynparza. Galibi bayan ƙarin ruwan ake ba da ita, don ta jinkirta dawowar ciwon. Ta fi amfani ga mai tangarɗa a ƙwayar gado da likitoci ke kira BRCA. Ki ɗauka ciwon yana da teloli biyu masu yi masa faci in ya yage. Tangarɗar ta riga ta kwantar da ɗaya, maganin kuma ya ɗaure hannun ɗayan, sai yagewa ta yi yawa, ƙwayoyin ciwon su mutu.

To amma 'yar uwa, kada ki ga ƙwaya ce ki ɗauke ta kamar Panadol. Sau biyu a rana ake sha, a haɗiye ba a tauna ba, ba a daka ba. Tana kawo tashin zuciya da kasala, tana rage jini, shi ya sa likita ke auna jinin kowane wata. In Umma ta manta ba ta sha ba, kada ki ninka mata. Tana illa ga ɗan tayi. Ga tsada, wallahi, ba kaɗan ba.

Ita kuwa tangarɗar gadonta ake yi, ta wajen uwa ko ta wajen uba. 'Yar fim ɗin Amurka Angelina Jolie, wadda ciwon daji ya ɗauke mahaifiyarta a 2007, an gwada ta an samu, har ta sa aka cire mata ƙwan a 2015. Don haka ranar da kika raka Umma ganin likita, ki cire kunya ki tambaye shi ko ku 'ya'yanta kuna buƙatar gwajin.