Na'urar da Ba a Gwada Ba, Ba Abar Dogara Ba Ce

Mai tuƙa mota yana ganin hanya, yana ganin bishiyoyi suna wucewa, saboda haka ko da ma'aunin gudunsa ya lalace zai iya ƙiyasta saurinsa. Matuƙin jirgin sama kuwa, da zarar ya shiga gajimare ko ƙurar hunturu mai kauri, ba shi da sauran abin dubawa sai na'urorin da ke gabansa. Ko jikinsa ma ba zai taimake shi ba, domin sashen cikin kunne da ke gaya wa mutum ko a miƙe yake ko a karkace yakan ruɗe idan ido ba ya ganin ƙasa. Babbar matsalar ita ce, na'urar da ta lalace ba lallai ba ne ta tsaya cik. Sau da yawa takan ci gaba da nuna lamba, alhali lambar ƙarya ce.

Yadda iska ke ba da labari

Mu ɗauki ƙaramin jirgi mai kujeru 4 irin Cessna 172. Uku daga cikin muhimman na'urorinsa da matsin iska suke aiki: ma'aunin gudu, da ma'aunin nisan sama, da ma'aunin hawa da sauka. A ƙarƙashin fiffiken hagu akwai wani siririn bututu mai fuskantar gaba, ana kiransa bututun Pito, sunan wani injiniya ɗan Faransa, Henri Pitot, wanda ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogin Sen. A gefen jikin jirgin kuma akwai wata 'yar ƙaramar huda da ke karɓar iskar da ba ta tunkuɗowa daga gaba.

Ma'aunin gudu yana kwatanta matsin da ke cikin bututun da na hudar. Bambancinsu shi ne saurin jirgi. Ma'aunin nisan sama kuwa da hudar kaɗai ya dogara, domin matsin iska raguwa yake yi yayin da ake yin sama. To, idan bututun ya toshe gaba ɗaya, iskar da ke ciki ta maƙale, sai ma'aunin gudu ya riƙa ƙaruwa duk lokacin da jirgi ke hawa, ko da gudun raguwa yake yi. Matuƙin da ya gaskata shi zai rage wuta, har fikafikai su kasa ɗaukar jirgin.

Darasin 1996

Ranar 6 ga Fabrairu, 1996, jirgin Birgenair ƙirar Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Jirgin ya yi kusan makonni uku a ajiye, kuma masu bincike sun fi kyautata zaton cewa zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a cikin bututun. Ranar 2 ga Oktoba na wannan shekarar, wani Boeing 757 na Aeroperú ya faɗa teku bayan ya tashi daga Lima da dare, mutum 70 suka halaka, saboda an manta da salatif da aka liƙe hudojin gefe da shi lokacin wanke jirgin. Idan haka ta sami manyan jirage masu matuƙa biyu da bututu fiye da ɗaya, ina ga ƙaramin jirgi mai bututu guda da matuƙi guda?

Abin da doka ta tanada

Kowace ƙasa tana da hukumarta da ƙa'idojinta. A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama da ake kira FAA ta wajabta a yi wa ƙaramin jirgi cikakken bincike kowane wata 12, a kuma ƙara wani bayan kowace awa 100 ta tafiya idan ana ɗaukar fasinja da shi don kuɗi. Jirgin da zai yi tafiyar dogaro da na'ura kaɗai a sararin da masu kula da zirga-zirga ke sa wa ido, dole a gwada ma'aunin nisan samansa da hanyoyin iskarsa kowane wata 24. Na'urar da ke amsa kiran rada ta sanar da matsayin jirgi, ita ma wata 24 ne. Na'urar karɓar saƙon tashoshin rediyo masu nuna hanya, waɗanda ake kira VOR, kwana 30 aka ba ta, kuma idan an gwada ta a ƙasa kuskurenta kada ya wuce digiri 4. Na'urar da ke aika kiran neman agaji idan jirgi ya faɗi kuwa, ana duba ta kowane wata 12. Duk binciken da aka yi sai an rubuta shi da kwanan wata da sa hannu.

Sai dai zanzaro bai san kalanda ba. Shi ya sa kafin kowace tafiya matuƙi ke zagaya jirginsa da ƙafa, ya cire murfin bututun, ya leƙa hudar, sannan ya daidaita ma'aunin nisan sama da matsin iskar da aka sanar, ya ga ko ya yi daidai da sanannen tsayin filin jirgin. Idan bambancin ya wuce ƙafa 75, abin zargi ne, sai a nemi injiniya.

Ɗaliban da ke burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, su sani cewa ƙura da zanzaro ba baƙi ba ne a wannan yanki namu. Matuƙin ƙwarai shi ne wanda zai fasa tafiya saboda wata 'yar huda da bai gamsu da ita ba. Da ma Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.