Janareta a Bayan Motar Lantarki: Dabara Mai Kyau, Lissafi Mai Wuya

A ƙarshen shekarun 1990, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani injiniya mai suna Alan Cocconi da abokan aikinsa na kamfanin AC Propulsion sun ƙera wata 'yar mota ruwan ɗorawa, suka raɗa mata suna tzero. Da hannu aka haɗa ta, guda uku kacal aka yi, kuma ko ɗigon mai ba ta sha. Gudu kuwa ba a magana. Aibinta ɗaya ne: batiran dalma da ke cikinta ba sa wuce kilomita 150 ko makamancin haka sai sun nemi caji. Sai suka yi mata 'yar tirela mai taya biyu, suka ɗora injin babur ƙirar Kawasaki mai cc 500, yana juya janareta mai ba da kilowat 20. In zagayen gari za a yi, a kwance tirelar a bar ta gida. In tafiyar nesa ta kama, a ɗaura ta a kama hanya. Wannan motar ce daga baya ta zaburar da waɗanda suka kafa kamfanin Tesla.

Labarin bai yi mana nisa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, hankalin masu ƙira ya ƙara karkata ga lantarki. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana maye gurbinsa da batir. A garejin da ake irin wannan aiki, da wuya rana ta faɗi yaron shago bai tambaya ba: "Oga, me zai hana mu sa mata janareta a but, tana tafiya tana caji?" Tambaya ce ta mai hankali, a ƙasar da wuraren cajin mota ba su da yawa, janareta kuwa kusan kowane layi akwai shi.

Ita dabarar tsohuwa ce. Tun wajen 1900 Ferdinand Porsche ya haɗa mota a Ostiriya wadda injin fetur ɗinta bai taɓa taya ba, aikinsa kawai juya janareta, lantarki kuma ya juya tayoyi. Kan jirgin ƙasan da ke zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna ma haka yake aiki da dizal. Amfanin tsarin shi ne inji ya samu gudu ɗaya ya zauna a kai, ba a matsa masa totur a saki, batir kuma ya ɗauki wahalar tashi daga tsaye da hawan tudu. Saboda haka ba a buƙatar janareta mai ƙarfin injin mota. Abin da ake nema shi ne wanda zai biya matsakaicin abin da motar ke ci.

A nan ne gizo ke saƙa. Ƙaramar motar lantarki tana cin kusan yunit 15 a kowane kilomita 100, irin yunit ɗin da ake saye a mita mai kati. In tana gudun kilomita 80 a awa, kilowat 12 ke nan take zuƙa ba tsayawa. Janaretan gida da aka fi sani, mai kVA 2.5, abin da yake iya bayarwa na tsawon lokaci bai wuce kilowat 2 ba, wato kashi ɗaya bisa shida na buƙatar. Motar da batirinta ke kai ta kilomita 100, in aka kunna mata wannan janareta tun daga ƙofar gida, za ta yi kusan 120. Daga Kano zuwa Kaduna kuwa ya haura kilomita 200. Shi kuwa ɗan ƙaramin nan na masu aski da masu cajin waya, wanda bai kai kilowat ɗaya ba, in aka cire nauyinsa da na galan ɗin mansa, abin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba.

A cikin gari lissafin ya fi daɗi. Ga cunkoso, ga danja, matsakaicin gudu bai fi kilomita 25 a awa ba, motar kuma ba ta cin fiye da kilowat 4. A nan janaretan kilowat 2 na iya ninka tafiyar kusan biyu. Gudu ne ke cinye wuta, domin iskar da mota ke turewa tana ƙaruwa da sauri fiye da yadda gudun ke ƙaruwa.

Sai batun aljihu. Lita ɗaya ta fetur na ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9, amma ƙaramin janareta yunit ɗaya da rabi zuwa biyu yake tatsowa, sauran ya tafi a zafi da ƙara. Kilomita 100 da wutar janareta zalla zai ci lita 8 zuwa 10, alhali ƙaramar motar fetur tana yin wannan tafiya da lita 6 ko 7. Wanda ya dogara da janareta kullum ya gudu bai tsira ba, ya ma fi asara.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana. A 2013 BMW ta fito da motar lantarki i3, tare da zaɓin ɗan injin babur mai cc 647 da ke juya janareta, da tanki mai lita 9. A Amurka, saboda ƙa'idar hayaƙi ta Kalifoniya, an saita injin kada ya tashi sai batir ya sauka zuwa kusan kashi 6 cikin 100. A hanya shimfiɗaɗɗiya lafiya lau. Amma a doguwar hawa, batir ya ƙare, injin shi kaɗai ya kasa, wasu direbobi suka ga motar na rage gudu a tsakiyar babban titi, har ta kai ga shari'a a 2016. Mai ƙira a gida ya kamata ya riƙe wannan: a tayar da janareta tun batir na da ƙarfinsa, ba sai ya kusa mutuwa ba.

Haɗin wayoyin ma ba wasa ba ne. Wutar janareta irin ta gida ce, batir kuwa wata iri yake karɓa, don haka dole caja ta shiga tsakani, kuma cajar ita ma tana da iyakar abin da take wucewa da shi. In batirin litiyom ne, na'urar da ke kula da shi dole ta iya yanke caji da zarar ya cika. A gangara, motar kanta tana mayar da wuta cikin batir lokacin birki; in ga janareta na turawa, ga batir a cike, wutar na iya ƙona na'ura ko ta tayar da gobarar da ke da wuyar kashewa. Wani abin da ake yawan ji shi ne a ɗaura altaneta a taya don mota ta caji kanta. Wannan ba ya yiwuwa, domin ƙarfin da ke juya altanetan daga batirin ya fito, kuma abin da zai dawo bai kai abin da ya fita ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hayaƙi. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma an sha jin iyalai sun kwanta da janareta a kunne kusa da ɗaki ba su farka ba. But ɗin mota a haɗe yake da mazaunin fasinja ta ƙananan kafofi, ga zafin da zai taru kusa da tankin fetur da batir. Shi kuwa Cocconi a kan tirela ya ɗora nasa, a wajen motar.

Inda janaretan gida zai fi amfanin mai motar lantarki shi ne ya tafi da shi a kashe, a ɗaure waje. In batir ya gaza a hanyar Damaturu, ya tsaya gefen titi, ya sauke shi ƙasa nesa da motar, ya kunna. Awa biyu, wato lokacin salla da cin abinci da ɗan hutu, za su ba shi abin da zai kai shi kilomita 20 zuwa 25 a gaba.