Sunan Ɗiya Mace: Wane Ke Tafiya da Wane?

A Bukkuyum, ko Gwashi, ko Nasarawar Burkullu, da an idar da addu'ar zanen suna a rana ta bakwai, tambaya ɗaya ke zagaya gida: "Wa aka samu?" A ce an samu Fatima, a yi Allah ya raya. Amma kafin a gama gyaran naman rago, gwaggo ta riga ta laƙa mata Binta, kuma galibi na gwaggon ne ke bin yarinya har gidan miji.

Abin mamaki shi ne sunayenmu na mata tafe suke da abokan tafiyarsu tun asali. Hauwa'u da Kulu, A'isha da Indo, Zainabu da Abu, Maryamu da Mairo, Hadiza da Dije. Wanda ya ce Zainabu Kulu, tsofaffi za su dube shi su ce, "Ɗan nan, ɗiya biyu ka haɗa." Kunne ya saba, ba ya karɓar sauyi.

Wasu haɗe-haɗen daga littafi suka fito. Halimatu Sadiya ta ɗauko sunan ƙabilar Banu Sa'ad, dangin matar da ta shayar da Annabi (SAW). Rabi'atu Adawiyya baiwar Allah ce da ta rayu a Basra ta ƙasar Iraƙi. Hauwa'u kuwa ana ce mata Jidda saboda zancen da ya shahara cewa kabarin Nana Hauwa'u a birnin Jidda yake. Haka Fatima Zahra'u, Hadizatul Kubra da A'isha Humaira. Ni a ganina daɗinsu a kunne daga nan ya samo tushe: kowanne akwai mace sananniya a bayansa.

Ga wani da mutane da yawa ba su sani ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada Usaina ya kamata a kira ta, sai Shehu ya zaɓa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar. Yau a ƙasar Sakkwato da Zamfara da wuya ka ji Asma'u ba ka ji Nana ta biyo zuciyarka ba.

Kunya ma na raɗa suna. In aka sa wa jinjira sunan kakarta ta wajen uba, uwar ba za ta taɓa furta shi ba, don sunan surukarta ne. Sai yarinya ta koma Inna, ko Ummi, ko Hajiya, ko Walida. Akwai 'yan matan da sai ranar da malamin firamare ya kira rajista suke jin sunansu na yanka, su yi ta waige-waige.

Rana da yanayin haihuwa suna da nasu rabon. Ladi, Altine, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai, Asabe. Azumi da Tasalla. Kande ga wadda ta biyo jerin maza. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar gwagwarmayar jam'iyyar NEPU da ta rasu a 2001, sunanta na yanka Hajaratu. Gambo saboda ta biyo tagwaye, Sawaba kuma siyasa ta ba ta. Mawaƙiya Barmani Choge sunanta Sa'adatu. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20, rana ce da gari aka haɗa, suka zauna daram.

Sai kuma bakin mutanen yamma. A Gummi da Anka da Bukkuyum "fa" na fita "hwa", don haka Fatima a bakin kaka Hwatima ce. Uban da ya zaɓo suna mai nauyin harafi daga wayar salula, yana da kyau ya fara gwada shi a bakin mahaifiyarsa, don ita za ta riƙa kiransa safe da yamma.

Inda nake da damuwa shi ne takarda. Fom na hukuma gurbi uku yake bayarwa: sunan farko, na tsakiya, da na uba. Yarinya ɗaya sai ta zama Hauwa'u Kulu a takardar haihuwa, Hauwa Jidda a firamare, Maijidda a katin ɗan ƙasa. Tun daga 2021 da JAMB ta wajabta lambar NIN kafin rajista, irin wannan saɓani kan tsayar da ɗiya mai ƙoƙari, uba ya kama hanyar Gusau neman takardar rantsuwa ta kotu. Wasu iyayen kan cike gurbin tsakiya da sunan kaka, wasu da laƙabin gwaggo, wasu su mayar da sunan gari na ƙarshe, a samu Zainab Abu Bukkuyum. Duk sun yi, muddin yadda aka rubuta a takardar farko haka za a ci gaba da rubutawa, har da alamar da ke tsakanin Hauwa da u.