Gane hayaƙi kafin gobara ta yi ɓarna

A Turai da Amurka ana maƙala wata ƴar na'ura mai batir a rufin ɗaki. Da ta shaƙi hayaƙi sai ta yi ƙara, ta tada masu barci. Har akwai masu sha'awar tara tsofaffinta iri-iri.

A karkarar Dakoro kuwa, ido da hanci ne abin dogaro. Bayan kaka ciyawar kwarin Tarka takan bushe, ga iskar hunturu. Idan kun hango farin hayaƙi mai faɗi a daji, abincin dabbobinku ne ke ƙonewa. Ku gaggauta sanar da maigari da ma'aikatan gandun daji.

Baƙin hayaƙi a gida, galibi roba ce ko fetur. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, sai yashi.