Idan sammacin kotu ya zo wa Baba, alhali mantuwa ta kama shi

Mu ɗauka akwai wani dattijo a Nassarawa GRA, tsohon ma'aikacin safiyo, shekarunsa sun haura 80. A gabansa aka yi cinikin wani fili shekara 30 da suka wuce. Yanzu magada sun shiga rigima, sai ga masinjan kotu da sammaci, ana neman Baba ya zo ya ba da shaida. To amma Baba, wanda zai lissafo maka sunayen malamansa na elementare tsaf, bai san ko ya karya kumallo yau ba. Ya 'ya'yansa za su yi?

A Amurka da Ingila iyalai kan gamu da irin wannan idan aka kira tsohonsu aikin juri, wato mutanen gari da ake zaunarwa a kotu su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifi. Mu a Najeriya alƙali ne ke yanke hukunci, ba ma aiki da juri. Inda abin ke riskar dattawanmu shi ne wajen shaida, musamman a rigimar fili da gado, domin sau da yawa su ne kaɗai suka rage cikin waɗanda suka ga yadda aka yi.

Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci ke kira dimenshiya, ba tsufa ba ne kawai. Cuta ce da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ke ɗauke da ita, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari cutar Alzheimer ce, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906. Ita wannan takan fara da wani ɗan sashe mai suna hifokamfas, wanda aikinsa adana sabon abin da ya faru. Shi ya sa labarin jiya ke riga na ƙuruciya gushewa, abin da masanin Faransa Théodule Ribot ya lura da shi tun 1881.

Ka ga a nan mutum zai ce, ai shike nan, tunda cinikin tsoho ne, Baba zai tuna. Ba lallai ba. Tunawa ba kamar kunna kaset ba ce. Duk lokacin da ka tuna abu, ƙwaƙwalwa na sake harhaɗa shi ne. Idan ta samu giɓi, wani lokaci sai ta cike shi da abin da ya yi kama da gaskiya, mai maganar kuma ya faɗa da cikakken yaƙini, ba da niyyar ƙarya ba. Sai Baba ya haɗa wannan cinikin da wani daban, ko ya amsa da "haka ne" ga duk tambayar da lauya ya saka masa amsarta a baki. Kalma ɗaya irin wannan na iya raba marayu da filinsu.

Sashe na 175 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kowa na iya ba da shaida, sai wanda kotu ta ga ba ya iya fahimtar tambaya ko ba da amsa mai ma'ana saboda ƙuruciya, tsananin tsufa, ko cutar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Lura da kyau: kotu ce ke ganin hakan, ba iyali ba. Sunan cutar kaɗai ba ya sauke wa mutum nauyi, domin mai matakin farko na iya ba da shaida ingantacciya. A kotunan Shari'a ma, inda ake bin fiƙihun Malikiyya, hankali da kiyaye abin da aka gani suna cikin sharuɗɗan shaida.

Saboda haka kada a jefa sammacin cikin durowa a yi shiru, domin kotu na da ikon ba da takardar kamo shaidan da ya ƙi zuwa. A kai Baba wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Za a yi masa gwajin tunani, irin su faɗin rana da wata, riƙe kalmomi uku, da zana agogo. Za a kuma duba jini, domin ƙarancin bitamin B12, matsalar tayirod, ko tsananin damuwa duk kan kawo mantuwa, kuma su ana maganinsu. A roƙi likita kada rahotonsa ya tsaya a sunan cuta. Ya bayyana ko Baba na fahimtar tambaya, ko yana riƙe zance, da yadda zaman kotu zai shafe shi. Sai a miƙa rahoton ga kotu ta hannun lauya ko rajistara tun kafin ranar zama.

Idan alƙali ya ga har yanzu Baba zai iya, ana iya roƙon a saurare shi da safe, a taƙaice, domin masu wannan cuta sun fi ruɗewa idan yamma ta yi. Idan kuma aka ɗauke masa, sai a koma ga takardun ciniki da sauran shaidu.

Abin da ke hana iyalai da yawa wannan mataki shi ne kunya, kada a ce mahaifinsu ya haukace. Amma wanne ya fi zubar masa da mutunci: takardar likita a cikin fayil, ko a tsayar da shi gaban jama'a ana yi masa tambayar ƙure yana kame-kame? In kuma kana da dattijon da har yanzu tunaninsa garau yake, kuma ya san iyakar wata gona ko asalin wani gida, a rubuta abin da ya sani yau a gaban shaidu, ya sa hannu.