Taba Ta Yi Kauri, Iri Ya Ragu

'Yan'uwa manoma, yau zancenmu na taba ne, amma ba ƙaramin karan da masu tebur ke sayarwa a Kakuri da Makera ba. Akwai wata ta masu hali da Turawa ke kira sigar, wadda ake naɗewa da ganyen taba tsantsa, ba takarda. Mashahuriyarta daga tsibirin Kyuba take fitowa.

Ga yadda ake awon kaurinta. Akan raba inci ɗaya kashi 64. A da, mai kashi 42 ita ce ta yau da kullum. Sai aka koma mai 50. A 2010 kamfanin Kyuba ya fito da Cohiba Behike mai 52 da 54 da 56, yanzu kuwa har mai 60 tana kasuwa, watau saura kaɗan ta cika inci. Mai saye yana ganin ya ci riba in ya riƙe ƙatuwa. Siraran kuma suna da wuyar naɗi, ga rashin kasuwa, don haka aka daina yin da yawa daga cikinsu.

To, ina ruwan manomi? Da ruwansa ƙwarai. Taba mai kauri sai da faffaɗan ganye marar huda za a yi mata riga. A Kyuba ƙarƙashin rumfar ƙyalle ake noma irin wannan ganye. Maƙwabtanmu na gabashin Kamaru su ma suna noman ganyen riga, mai daɗin ƙanshi, amma nasu ƙarami ne, ga saurin yagewa. Ka ga ke nan in kasuwa ta ce sai ƙatuwa, mai ƙaramin ganye shi ke shiga uku, ko da nasa ya fi daɗi.

Mu ma mun ga irin haka. Tun kafin a kafa ma'aikatar sigari a Zariya a ƙarshen shekarun 1950, mutanenmu suna da tabarsu ta bayan gida, ta lofe da ta gari da ake haɗawa da kanwa, ga fure na rina haƙora. Da kamfani ya zo, irin da yake so shi yake rabawa, shi kuma yake saye. Haka auduga: a 1912 aka kawo irin Allen na Amurka, ya ture na gargajiya. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri, a 2002 ta rufe.

Ba muna zuga kowa ya sha taba ba ne. Tana kawo ciwon huhu, kuma dokar 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Abin da muke faɗa na iri ne. In wakilin kamfani ya kawo maka sabon iri bana, karɓa ka gwada, amma ka tambaye shi shekara nawa za su yi suna saye, a rubuta. Tsohon irinka kuma, na dawa ne ko na wake, ka ware masa ko kunya biyar a gefen gona, ka adana na baɗi cikin tulu da toka.