Uwargida Mai Ɗaukar Hoto: Wane Kwas Ya Dace Da Ke?

A wannan watan maganarmu da ke ce, ke da kika daɗe kina ɗaukar hoto don sha'awa, har ta kai a dangi in ana suna ko walimar sauka ke ake nema. Yanzu kin tara kuɗin adashe, maigida ya amince, kina son shiga kwas. To, kada ki yi gaggawar biya.

Yawancin kwasa-kwasan da ake tallatawa na 'yan koyo ne. Za ki kwashe makonni ana nuna miki yadda ake riƙe kyamara, abin da kika wuce tuntuni. Don haka ki fara zaɓo hotunanki guda 20, masu kyau da waɗanda suka lalace, ki kai wa malamin. In ya duba ya ce komai ya yi, ki riƙe kuɗinki. Wanda ya iya gaya miki dalilin lalacewar kowane, shi ne malami.

Ga misalin da kowa ya sani. Amarya ta sa farin leshi a ɗaki mai duhu, kin ɗauka, leshin ya fito fes amma fuskarta ta yi baƙi. Kyamarar ce ta auna hasken farin kayan, ta ɗauka wurin ya cika haske, sai ta rage. Maganinsa ki daina bar mata zaɓi, ki riƙa saita abubuwa uku da hannunki: faɗin buɗewar idonta, saurin ƙiftawarta, da ƙarfin jin haskenta. Kwas ɗin da bai zaunar da ke a kan waɗannan ba, tare da aikin gida da gyara duk mako, hira ce kawai. Ki kuma tambaya ko ana koyar da gyaran hoto da Lightroom ko Photoshop, da wanki, da yadda ake yanka farashi.

In takardar shaida kike so, sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Bayero yana koyar da hoton jarida, akwai kuma cibiyar koyon shirya fim ta ƙasa da ke Jos. Amma waɗannan karatu ne na shekaru. Ga mai goyo da ke zaune a Bunkure, gajeren kwas na ƙarshen mako a Kano ya fi sauƙi, sai dai a lissafa kuɗin mota da wanda zai kula da yara tun kafin a fara. Kwas ta intanet kuwa yana da amfani ne idan akwai mai duba aikinki, ba bidiyo kaɗai ba.

Wurin gwaji kam Allah Ya ba ki. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Kadawa rani da damina. Ga shinkafa, ga tumatir a kwanduna, ga mata masu turara shinkafa a Kura da ke buƙatar hoton kayansu don talla a WhatsApp. Ki fita da sanyin safiya ko bayan la'asar, lokacin da rana ba ta da kaifi, ki kuma rufe kyamararki da kyau a lokacin hunturu saboda ƙura. Fati Abubakar ta Maiduguri aikin jinya ta karanta, amma hotunan rayuwar mutanen garinsu da ta fara fitarwa a 2015 su suka kai sunanta duniya.

Sai batun da ya fi damuna a matsayina na malamar Islamiyya. Malamai sun yi saɓani kan hoto, kuma da yawa daga na zamani sun halatta na kyamara, amma babu wanda ya halatta yaɗa tsiraicin mace. Ranar kamu ko wuni mata kan saki jiki, mayafi a kafaɗa, sai ga namiji baƙo da kyamara a tsakar gida. Shi ya sa ake nemanki. Don haka ki tambaya tun farko: a ina ake ajiye hotunan da ɗalibai suka kawo, kuma ana ɗora su a Facebook ko Instagram don tallan makarantar? Hoton matar aure ko 'yar mutane kada ya shiga aji sai da izininta. In aikin gida ya buƙaci fuska, ki ɗauki ta ɗanki ko ta maigida.